Hansai da Tulunan Rana

A shekarar da inuwa ta ƙare a Kwarin Tama, ba wanda ya lura da ranar da ta tafi. Sai dai mutum ya tsaya tsakar gida da azahar, ya duba gabansa, ya duba bayansa, babu komai a ƙasa sai ƙafafunsa. Ladan ya daina auna lokacin salla da sanda, ya koma tambayar masu agogo. Rana kuwa tana nan tana fitowa, amma sai ka zuba mata ido ka ƙare mata kallo ba ka ƙifta ba, jajawur kamar tsohuwar tasa.

Garin a cikin kwari yake, duwatsu sun kewaye shi, duk abin da ya tashi sama ba ya samun hanyar fita. Abin da ke tashi kuma ba kaɗan ba ne. Mahauta suna ƙona tsofaffin tayoyi suna babbake kai da ƙafa da ganda. Maƙera suna narka gwangwani suna zuba tukwane. Masu gawayi sun cinye dajin gabas, sun shiga na yamma. Janareto kuwa kowane shago da nasa, yana tari tun da safe. Ka tambayi kowa a cikinsu, zai nuna maka hayaƙin maƙwabcinsa. Ni dai ban taɓa jin wanda ya ce nasa ne ba.

Akwai wata mata a garin, sunanta Hansai, mijinta ya rasu. Sana'arta ta yanka tumatir ta shanya a kan fa, wani shimfiɗaɗɗen dutse da ke bayan gari, in ya bushe ta sayar da kauɗa. Da can kwana huɗu ya isa ta kwashe kauɗarta ƙayau. Yanzu sai ta yi mako, tumatir ya yi fumfuna, ta zubar wa awaki, awakin ma su shinshina su wuce.

Wannan duk bai ci mata rai kamar ƙafafun Ladiyo ba. Ladiyo ita kaɗai ce 'yarta, shekararta huɗu, ƙafafunta sun lanƙwashe, in ta miƙe tsaye sai ta zube. Malamar asibiti ta duba ta, ta ba da magani, sannan ta ce, "Magani shi kaɗai ba zai yi ba, Hansai. Ƙashin yaro rana yake so. Ki riƙa fitar da ita tana shan hantsi kullum, kwana casa'in ba fashi. In ta cika shekara biyar a haka, to haka za ta zauna."

Hansai ta ce, "Malama, a wane kanti ake sayar da hantsin?"

Malama ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu. Da Hansai tana da inda za ta, da ta tafi. Amma garuruwan da ke bin kwarin duk aikinsu ke nan, bayan dutse kuwa ba ta da kowa.

Wata Talata da safe tana kan fa tana kwashe ruɓaɓɓen tumatir, sai ta ga rana. Rana ta gaske, fara tas, faɗinta bai wuce na faifai ba, tana tafiya a kan dutse. A gefenta ga inuwa baƙa ƙirin, da kai da kafaɗu, amma babu mai ita. Hansai ba ta tsaya shawara ba, ta ɗaga ƙafa ta take inuwar.

Aka ce, "Wayyo kafaɗata!"

Sai ga aljani tsaye a gabanta, dogo siriri, idanunsa ba su da fatar rufewa. Yana ɗauke da tulu a ka, tulun ya tsage, haske na ɗiga ta tsagar.

Ya ce, "Ke 'yar Adam, ɗaga ƙafarki. Shekara ɗari bakwai ina bin wannan hanya, ba a taɓa taka ni ba."

Hansai ta ce, "Da inuwa ta yi yawa a gari, wa zai kula da taka? Kai wane ne, kuma mene ne a tulun nan?"

"Sunana Tsiyayau, bawan Magajin Hantsi. Abin da ke cikin tulu rana ce, wadda aka aiko muku kuka mayar."

"Muka mayar? Ni da nake nema ido rufe? Sauke mini tulun."

"Kafin ki kai gida ya tsiyaye. In da gaske kike, sai ki je ki roƙi Magaji da kanki. Dokarmu ce, wanda ya taka inuwar ɗayanmu, a kai shi inda ya nema. Amma ki sani tafiyar rana uku ce."

"Kwana uku dai."

"Kwana naku ne, ku masu kwanciya."

Hansai ta ɗauka iyayi ne irin na aljanu, ba ta ƙara bi ta kan maganar ba. Ta koma gida ta danƙa Ladiyo a hannun maƙwabciyarta Gwaggo Yalwa, ta ɗaure zane tamau, ta bi shi.

Bayan mahauta ya kai ta, inda Korau Sarkin Babbaka ke juya tayoyi da sandar ƙarfe. Hayaƙinsa ya fi na kowa kauri, ya tashi sak kamar ginshiƙi. Korau bai gan su ba. Tsiyayau ya sa ƙafa a cikin hayaƙin, ashe matakala ce. Hansai ta bi shi, tafin ƙafarta na mannewa da danƙo mai zafi, tana tari har hawaye na zuba, garin yana ƙanƙancewa a ƙarƙashinta.

Da suka kai daidai kan duwatsu, sai hanya ta ƙare a gaban wata tsohuwar aljana mai hannu takwas, zaune a bakin masaƙa. Zaruruwa baƙaƙe dubu bisa dubu suna tasowa daga gari suna shiga hannuwanta, ita kuma tana saƙa gwado, gwadon ya rufe kwarin daga wannan dutse zuwa wancan.

Hansai ta ce, "Sannu da aiki, Iya. Ashe ke ce kika rufe mu?"

Tsohuwa ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ku ke kaɗi, ni saƙa kawai nake yi. Ranar da zare ya yanke zan huta, kafaɗuna ma sun gaji. Ba mai wucewa ta nan sai ya nuna mini zarensa."

"Ni ai ba ni da taya, Iya. Ba ni da maƙera, ba ni da janareto. Tumatir nake shanyawa."

Ba ta rufe baki ba matakalar da take kai ta fara narkewa. Ta hango rufin gidaje can ƙasa ta tsakanin yatsun ƙafarta.

Tsohuwa ta ce, "Da yawa sun faɗi haka, da yawa kuma sun faɗa. Saura miki magana ɗaya."

Hansai ta durƙusa tana bin zaruruwan da hanci. Wannan warin taya, wannan warin bakin mai, wannan warin juji. Can gefe ta tarar da wani siriri mai warin da ta sani sarai. Warin leda ne. Tun da kananzir ya fi ƙarfinta, da leda take kunna gawayi safe da yamma. Kunya ta kama ta, da haushi, don ba ta ga yadda za a jera ledarta da tayoyin Korau ba. Amma ta kama zaren ta ce, "Wannan nawa ne."

Tsohuwa ta ɗaga gefen gwado ta ce, "Wuce."

A bayan gwadon Hansai ta rufe ido da hannu biyu. Ta manta haka rana take. Haske na zuba daga sama kamar ruwan damina, yana dukan gwadon. Ta ga wani yana nutsewa cikin baƙin zare, zaren ya haɗiye shi ya ɗau zafi. Ta ga wani yana tsalle ya koma sama, aljanu bila adadin suna tare shi da tuluna. Ɗan abin da ya rage shi ke kutsawa, yana karo da wannan zare yana karo da wancan, har ya manta ta inda ya fito. Shi ne ke isa gari a gajiye, ba ya iya busar da tumatir, ba ya ko iya yi wa mutum inuwa.

Suka yi ta tafiya a kan gwadon, rana ta wuce ta dawo. Sai suka shiga wani fili cike da kututturan gawayi, kowanne da siffar mutum, wani a sunkuye, wani hannunsa cikin aljihu. A tsakaninsu ga dunƙulen haske a zube kamar zinariya. Wata murya mai zaƙi ta riƙa cewa, "Ɗebi, baiwar Allah. Cika zanenki. Ba mai ganin ki."

Hansai ta tuna ƙafafun Ladiyo, hannunta ya miƙa da kansa. Sai ta lura da kututturen da ke kusa da ita, mace ce, ta tattare bakin zane kamar mai ɗibar gyaɗa.

Ta ce, "Tsiyayau, su wane ne waɗannan?"

"Waɗanda suka riga ki zuwa ne. Sun ɗebi abin da ba a ba su ba."

Ta janye hannunta ta cusa a hammata, haka ta ratsa filin. Tun daga nan ta ƙudurta a ranta cewa a ƙasar nan haɗama ke ƙona mutum, ita kuwa ba za ta bar Ladiyo marainiya biyu ba.

A rana ta uku suka iso ƙofar birni. Tsiyayau ya ce, "Daga nan bakina a rufe yake. Bawa ba ya magana a birnin ubangidansa."

Mai tsaron ƙofa wani ƙato ne mai kan zakara. Ya nuna sama da mashinsa, sai ga rana bakwai jere, kowacce na ƙuna.

Ya ce, "Ke da kika zo neman rana, gaya mini, nawa ce ta gaske a cikinsu? In kin kuskure, filin gawayi bai cika ba."

Hansai ta juya musu baya. Shekara ashirin tana sunkuye a kan fa, ƙeyarta ta san rana fiye da idonta. Ta matsa nan, ta matsa can, har ta ji wadda ke cizon ƙeya. Ta nuna ta ba tare da ta waiwaya ba, ta ce, "Ɗaya Allah ya yi, ga ta nan. Sauran madubi ne."

Shida suka tarwatse. Ƙofa ta buɗe.

Magajin Hantsi yana zaune a ƙofar wani rumbu da ba a ganin ƙarshensa. Tsoho ne fari fat, shi ma idonsa ba ya rufuwa. A cikin rumbun tuluna ne jere bisa jere, an liƙe bakinsu da laka, haske na huci ta jikinsu.

Hansai ta zube ta ce, "Ranka ya daɗe."

"Tashi, 'yar Adam. Kin amsa zarenki, kin riƙe hannunki, kin gane rana. Wannan rumbu na Kwarin Tama ne. Ba mu sata ba, ba mu ƙwata ba. Kullum ana aiko muku da rabonku cikakke, kullum kuna mayar da fiye da rabi. Mu tarawa kawai muke yi don kada ya lalace. Me ke tafe da ke?"

"Ranka ya daɗe, 'yata ce, ƙafafunta sun ƙi miƙewa. An ce sai da hantsi. Rana nake roƙo, ta sauka garinmu kamar yadda take sauka da."

"An karɓa. Za a naɗe gwado, a buɗe tulu. Rana nawa kike so?"

Hansai ta ce a ranta, ga tarko na huɗu. Ta ce, "Ranka ya daɗe, rana ai ɗaya ce. Ɗaya nake so."

Magaji ya dube ta ya daɗe. Ya ce, "Ki dubi rumbun nan da kyau. Duk naku ne. Rana nawa?"

Ta dubi tulunan, ta tuna macen da ta tattare bakin zane. Ta ce, "Ni ba mai haɗama ba ce. Ɗaya."

A bayanta Tsiyayau ya yi tari, ya sake yin tari, har ya saki tulunsa ya fashe a ƙasa. Hansai ta harare shi don yana neman kunyata ta a gaban manya.

Magaji ya ce, "Sau uku ake tambaya a nan, na uku ba ya komawa. Rana nawa kike so, 'yar Adam?"

Ta ɗaga murya, har da ɗan alfahari, ta ce, "Ɗaya tak, ranka ya daɗe."

"An ba ki."

Kafin ta yi godiya, sai ta gan ta tsaye a kan fa, gari na wayewa.

Wanda bai ga wannan safiya ba ba zai yarda ba. Rana ta ɓullo ta kan dutsen gabas fara sol, sama shuɗiya, inuwa ta faɗo wa kowa a ƙafa. Tsofaffi suka fito suka jingina da bango suna shan hantsi suna hawaye. Mata suka kwaso tufafi da tabarmi da barkono suka baza. Hansai ta ruga gida ta sunkuci Ladiyo, ta zaunar da ita jikin bangon da ke kallon gabas, ta naɗe mata zane har cinya, ta miƙe mata ƙafafu.

Ladiyo ta ga wani baƙin abu manne da ita, ta ƙwalla ƙara. Gwaggo Yalwa ta yi dariya ta ce, "Ke ja'ira, inuwarki ce. Ɗaga hannu ki gani." Ta ɗaga, inuwa ta ɗaga. Yini guda yarinyar nan tana wasa da ita. Hansai ta ɗauki gawayi ta ja layi ɗaya a bango. Saura tamanin da tara, in ji ta, tana murmushi.

Kashegari ta fitar da Ladiyo tun da wuri. Suka jira. Tsohuwar tasar nan ce ta fito, jajawur, babu inuwa ko ta tsinke.

Hansai ta kwasa a guje sai kan fa. Ta tarar da Tsiyayau da sabon tulu, ya naɗe inuwarsa ya saƙale a hammata.

Ta ce, "Kun cuce ni! Ina ranar da aka ba ni?"

"An ba ki ita jiya. Ɗaya kika ce, sau uku."

"Na ce rana ɗaya ce a sama! Wa zai roƙi rana biyu, ya ƙone?"

"Ba abin da aka tambaye ki ke nan ba. An tambaye ki tsawon lokacin da za a naɗe gwado."

Ta ce, "To me ya hana a ce kwana nawa? Kowa ai da kwana yake ƙirge."

"Na gaya miki tun a kan dutsen nan, kwana naku ne. Dubi idona. Mu ba ma barci, ba mu taɓa kwana ba, da me za mu san shi? Da rana muke ƙirge."

"Da na ce casa'in fa?"

"Da an ba ki. Da kin ce dubu, da an ba ki. Waɗanda suka zama gawayi sata suka yi. Ke naku kika je karɓa, ba haɗama a cikin wannan. Na fasa tuluna don ki waiwayo, kika harare ni."

Ta kai hannu za ta fizgo inuwarsa, ya ja da baya. Ya ce, "Sau ɗaya ake takawa. Hanya ta rufe miki. Amma tsohuwa ta gaya miki gaskiya, in zare ya yanke ba ta da abin saƙa." Ya ɓace.

Daga nan Hansai ta wuce mahauta. Ta tarar da Korau ya jibga tayoyi ninki biyu, don jiya kasuwa ta yi kyau. Ta durƙusa a gabansa cikin toka.

Ta ce, "Sarki, don Allah ka kashe wutar nan kwana tamanin da tara. A yi babbaka da itace, ko a fitar da ita bayan dutse. In ka fara, maƙera za su ji kunya su bi. Ƙafar 'yata ce."

Korau ya dogara da sandarsa ya yi dariya. Ya ce, "Haba Hansai, har da ke? Jiya ba ki ga rana ba? Wutata tana ci, ta maƙera tana ci, rana ta fito tas. To ina masu cewa hayaƙinmu ne? Jiya Allah ya wanke mu a gaban kowa. Ki je ki yi addu'a, baiwar Allah."

Masu babbaka suka ce, "Ƙwarai kuwa." Kafin la'asar maganar ta zaga gari. Har waɗanda da suke ɗan jin nauyi suka saki jiki. Ranar da Hansai ta hau hayaƙi ta roƙo, ita ce ta zama hujjarsu, kuma har yau da ita suke rufe bakin duk wanda ya yi ƙorafi.

Washegari da safe Hansai ta fito ɗaki, ba ta ga Ladiyo a kan tabarma ba. Ta hango ta jikin bangon gabas, ƙarƙashin layin gawayi ɗaya tilo. Da jan gindi ta kai kanta. Ta naɗe zanenta har cinya, ta miƙe lanƙwasassun ƙafafunta iya ƙarfinta, ta ɗaga hannu ɗaya sama tana duban ƙasa.

Ta ce, "Inna, na shirya. Ki ce su kawo."

Baƙin ciki ya kama Hansai, na Korau kaɗan ne a kan na kanta. Ta zauna gaban murhu, ta zuba gawayi, ta kai hannu inda ta saba kaiwa, ta ɗauko leda. Ta riƙe ta tana kallo. Ta gwada ashana a kan gawayin haka nan, ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. Saura tsinke ɗaya a kwalin, yarinya kuwa tun jiya da rana ba ta ci komai ba.

Ta kunna ledar. Siririn baƙin zare ya tashi, ya wuce kan bango, ya yi sama. Ladiyo ta bi shi da ido, hannunta har yanzu a ɗage.